Haƙoran Jirgin Lawwali

Ku yi haƙuri da ni tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, shi ma sai na kulle ƙofa. Na san akwai waɗanda suka fi ni hannu kuma suka yi shiru abinsu, ni ce marar kunyar da ta ɗauki biro. In kun ga wani wuri ya karkace, don Allah ku tsallake, kada ku nuna wa kowa.

To. Ummulkhairi tana da wa guda ɗaya, Lawwali, mai gyaran waya a Sabon Garin Gusau, a wani shago da in ya yi miƙa sai ya taɓa bango biyu. Lawwali ya gaji da shagon, shagon ma ya gaji da shi. Ana haka sai labari ya zo cewa Alhaji Sahabi, wani babban manomi a Bungudu, ya ga bidiyon jirgin feshi marar matuƙi a waya, ya rantse sai ya saya wa gonarsa, kuma yana neman saurayin da zai riƙe masa aikin. Kawu Labbo, yayan mahaifiyarsu da ke Tsafe, abokin Alhaji ne tun ƙuruciya, shi ya kai sunan Lawwali. Alhaji ya ce ya ji, amma yaran zamani kowa matuƙi ne a baki. Yaro ya zo ya tayar da wani abu sama a gabansa. In abin ya tashi ya sauka lafiya, aiki ya zama nasa.

Sai Lawwali ya sayar da babur ɗinsa, ya yi odar ɗan jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Tuƙi dai ya koya a kwamfutar wani abokinsa, inda ya kashe jirage ba adadi ba tare da an yi zaman makoki ba. Abin da bai sani ba shi ne, jirgin ba a haɗe yake zuwa ba. Da aka buɗe kwalin, abin da ke ciki ya fi kama da sharar shagon mai gyaran agogo.

"Yaya, ina jirgin?" in ji Ummulkhairi.

"Ga shi nan kina kallo."

"Wanda ya riga ya faɗo suka aiko maka?"

Bai kula ta ba, don yana bukatarta. Ita ce ke da haƙurin karanta ƙananan rubutun Turancin da ke takardar bayani, ita ce kuma ke da siraran yatsu. Suka ɗauko babban tiren Inna na saukar baƙi suka zube notuna a kai don kada su gangara, suka zauna a tsakar gida suna aiki suna korar kaji.

Cikin jirgin, in ka bar ado, abu kaɗan ne. Akwai ɗan inji mai aiki da batir, a bakinsa akwai ƙaramar giya, wato 'yar ƙafa mai haƙora, ta tagulla da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Ita ke juya babbar giya, wani farin faifai na roba mai faɗin murfin kofi, da ƙananan haƙora jere a gefensa. Babbar giya ke juya sandar ƙarfen da ke ɗauke da farfela, ta kuma ja wani siririn bel da ke bi ta cikin bututun wutsiya ya juya 'yar fankar baya. Bel ɗin nan ya ba su wuya. Sai da Ummulkhairi ta ɗaura masa zaren ɗinki ta jawo shi ta cikin bututun, kuma da suka murɗa shi ta ɓangaren da ba shi ba, fankar wutsiya ta riƙa juyawa da baya. Lawwali ya zagi kamfanin, ya zagi ƙasar da kamfanin yake, sannan a hankali ya kwance ya murɗa ta ɗaya ɓangaren.

Amma aikin da ya fi kowanne laushi shi ne tazarar da ke tsakanin giyoyin biyu. Injin yana zaune ne kan notuna biyu da ake kwancewa da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe, alanki, kuma kwalin ya zo da guda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Sai a yanki 'yar takarda siririya a cusa tsakanin haƙoran, a turo injin har ya matse ta, a ɗaure notunan, sannan a juya giya takardar ta fito a yamutse amma ba a yage ba. Kaurin takardar nan shi ne tazarar. In an taɓa babbar giya da yatsa sai a ji tana ɗan motsi, ƙas, ƙas, kaɗan da kaɗan.

"In ta matse, inji zai yi zafi, haƙoran su cinye juna," in ji Ummulkhairi tana bin layi da yatsa. "In tazara ta yi yawa, tagullar za ta riƙa zamewa ta aske haƙoran robar."

"In sun askewa fa?"

"Sai ka sa wata."

Suka duba kwalin tare. Babu wata. Duk Gusau babu mai sayar da ita, kuma Alhaji ya riga ya sa rana. Daga nan Lawwali ya fara kallon farin faifan nan kamar jaririn da aka haifa bai cika wata ba.

Ranar gwaji Inna ta ce ba inda za su sai sun fara zuwa Tsafe. Lawwali ya ce Tsafe tana gabas, Bungudu tana yamma. Inna ta ce ita ba taswira ta tambaye shi ba. Mutumin da ya kai sunanka, ka je ka ɗauko shi, ka nuna masa abinka ya sa albarka. Ta kuma ce Ummulkhairi ta bi shi, ta gaida kawunta, ta daina zama da littafi kamar mai takaba.

Sun sami Kawu Labbo a rumfar injin niƙansa, gari ya yi masa fari har gira. Tun kafin a haife su yake wannan sana'a, kuma ta koya masa ilimi guda ɗaya da ya ishe shi rayuwa: duk abin da ya motsa ba a ce ya motsa ba, ya kwance ne. Ƙofar gidansa sai da kafaɗa ake buɗe ta. Murfin butarsa ba mai iya cirewa sai shi.

Aka gaisa, aka tambayi Inna, aka tambayi damina. Lawwali ya miƙa jirgin da hannu biyu. Kawu ya juya shi sama da ƙasa, ya ce masha Allah, ya tofa masa addu'a. Da a nan aka tsaya, da yanzu ba ni da labari. Sai babban yatsansa ya sauka kan farin faifan.

Ƙas, ƙas.

Kawu ya ɗago kai. "Wa ya ɗaure wanga?"

"Kawu, ai dama haka..."

"Haka mi?"

Lawwali ya dubi ƙasa. A gidansu ba a ce wa babba ya yi kuskure. Ba a faɗa a gabansa, ba a faɗa a bayansa, ko ƙanne a tsakaninsu ba sa faɗa. Iyaka a yi shiru kowa ya haɗiye nasa. Balle kawu, balle kawun da ya nemo maka aiki, balle a gaban mata huɗu da ke jiran niƙa sun baza kunne.

"Haka ne, Kawu," in ji Lawwali.

"Kun ga yaran yanzu? Abu shina rawa kamar haƙorin tsohuwa, za su kai ma Alhaji shi. Da ban gani ba hwa? Miƙo abin ɗaurewa."

Ummulkhairi tana kallo yayanta ya sa hannu a aljihu, da kansa, ya ciro alanki ya miƙa. Kawu ya sassauta notunan, ya danna injin da babban yatsan da ya saba danna bel ɗin injin niƙa, ya ɗaure har sai da ya cije leɓe. Ya taɓa giya. Shiru, ko numfashi ba ta yi. Ya ce a kawo masa gwangwanin giris ya shafa wa haƙoran maiƙo, Allah ya taimaka maƙwabci ya ara bai dawo da shi ba.

"To yanzu anka yi jirgi," in ji Kawu. Matan niƙa suka ce sannu da aiki, Allah ya bar manya.

Ummulkhairi ta yi tunanin abin mai sauƙi ne, a mota sai a gyara. Ashe Kawu ya riga ta tunani. Ya sa babbar riga, ya shiga gidan gaba, ya ɗora jirgin a cinya ya rungume. Daga Tsafe har Gusau fasinjoji sun ji tarihin yadda ya ceci jirgi daga hannun yara, direba ma ya ji, har ya nemi Kawu ya duba masa wata ƙara da motar ke yi. Ita kuwa tana can baya tsakanin wata mata da buhun barkono, tana lissafa haƙoran roba a zuci tana yi musu ban kwana.

A tashar Gusau, kafin motar Bungudu ta cika, Lawwali ya aike ta gida ta ɗauko batiran da suka bari suna caji. Da ta dawo ta tarar Kawu yana gyara zaman wando, ya dawo daga kama ruwa, yana karɓar jirginsa ya mayar cinya. Lawwali kuwa yana tsaye yana shan rake. Rake! Mutumin da ya sayar da babur, aikinsa na rataye a kan faifan da za a niƙe nan da la'asar, yana tsaye yana tofar da ɓawo hankali kwance. Ta harare shi, ya ɗauke kai. Ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba, don cewa komai yana nufin cewa Kawu ya yi kuskure. Ta ce a ranta, shi ke nan, Allah ya ba ni wa mai zuciyar kunu. In ban yi ba, ba mai yi.

A Bungudu aka sauke maza a zaure, ita aka shigar da ita cikin gida wurin Hajiya Tambaya, matar Alhaji. Aka ci tuwo. Ta bango tana jiyo muryar Kawu yana maimaita labarin ceto, wannan karon giyar har faɗuwa take shirin yi. Da aka kira la'asar sai ga shi a bakin ƙofa ya yi sallama, ya miƙa wa Ummulkhairi jirgin.

"Riƙe ki ga, ɗiyata. Hajiya, amana na ba ki, kada kowa shi taɓa. Na sha wuya kahin in daidaita shi."

"Ko ƙuda ba ya sauka kai, Malam Labbo," in ji Hajiya Tambaya. Ta jawo kujera ta zauna daf da yarinyar, ta zuba wa jirgin ido kamar zai gudu.

Ummulkhairi ta ce ƙurar tsakar gida ba ta da kyau ga inji, ta ja hijabinta ta lulluɓe shi, wutsiya kawai ta leƙo waje. Hajiya ta yaba da hankalinta. A ƙarƙashin hijabin kuwa, yatsu sun lalubo alanki daga jaka, sun lalubo noti na farko. Ba gani, ba takarda, sai laluben makaho. Ta yi shirin kokawa da ɗaurin Kawu, sai ta ji notin ya juya da sauƙi. Ta ɗan yi mamaki, amma ta ce tsoro ne ya ƙara mata ƙarfi.

"Ke, aji nawa kike?" in ji Hajiya.

"Na gama, Hajiya."

"An gama, sai mi? Akwai mai zuwa?"

"Zuwa ina, Hajiya?"

"Ji min ɗiya! Zuwa kasuwa. Mi kike yi da hannu ciki haka? Cikinki ka ciwo?"

"A'a, Hajiya. I, Hajiya. Kaɗan."

"Ai na gani tun ɗazu kina zuhwa. Yajin nan ne. Bari a jiƙo miki kanwa."

Hajiya ta juya tana ƙwala wa wata kira, Ummulkhairi ta ja injin baya kaɗan. Ta tuna girman yatsan Kawu, ta ƙara kaɗan. Ta ɗaure notunan, ta taɓa faifan. Ƙas, ƙas. Har ma ya ɗan fi na gida sakewa, amma kafin ta sake lalube an kawo kofin kanwa, an tsaya a kanta sai ta shanye, kuma ga muryoyin maza sun fito daga masallaci. Ta shanye tas. Ba ta taɓa jin kanta jaruma irin na wannan lokaci ba, ko da yake jarumtar ɗanɗanon kanwa gare ta.

A filin da ke bayan gidan aka taru. An kawo wa Alhaji Sahabi kujera, Kawu ya tsaya a gefensa hannu a baya kamar shi ya ƙera. Rabin unguwa ta fito. Mata suka tsaya a bakin ƙofar baya, Ummulkhairi a cikinsu da jakar kaya. Lawwali ya miƙe farfela, ya sa batir, ya ja baya, ya yi bisimilla.

Farfela ta fara juyawa, sannu, sannu, sai ta ɓace ta zama inuwa. Ciyawa ta kwanta. Jirgi ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, ya tashi har gwiwa, har ƙugu. Mutane suka ce Allahu akbar. Alhaji ya miƙe daga kujera. Ummulkhairi ta riga ta fara tsara yadda za ta gaya wa Lawwali, bayan shekaru, in sun tsufa, wa ya ba shi aikin nan.

Lawwali ya ƙara wuta don ya hau sama. Sai aka ji wani ƙara, kamar an ja zif ɗin jaka da ƙarfi, daga nan injin ya ɗauki ihu shi kaɗai, siririn ihu na abin da ba ya jan komai. Farfela ta sake bayyana. Jirgi ya yi ɗan tunani a iska, sannan ya zauna daɓas, ya kwanta a gefe, yana zubar da farin gari.

Kawu ne ya fara isa, don gari harkarsa ce. Ya ɗaga jirgin, ya leƙa. Gefe guda na farin faifan ya zama sumul kamar dasashin jariri. Ya sa yatsa ya kaɗa abin da ya rage.

"Alhaji, zo ka gani da idonka. Ka ga rata? Akuya ta wuce ta nan. Da hannuna na matse wanga abu a Tsahe, ashe ban matse da kyau ba. Tausayin yaro na ji, na ga idonai ya yi ja, na sassauta hannu. Laihina ne. Da na bi son raina na ɗaure shi yadda nike ɗaure injina, da yanzu shina bisa dutsen Kwatarkwashi."

Jama'a suka ce wallahi gaskiya ne. Wani ya ce shi tun da ya ji ƙarar farko ya san abu a kwance yake. Alhaji ya dubi Lawwali.

"Yaro, haka anka yi? Kawunka ya ce maka a kwance yake?"

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe. Lawwali ya dubi Kawu, da furfurarsa, da babbar rigar da ya sa saboda shi.

"Ya faɗa, Alhaji."

"To ka ji. Tuƙi kam ka iya, na ga ya tashi. Amma ni ba ni ba da jirgin gonata ga wanda bai iya ɗaure noti ba. Ka tahi Tsahe ka zauna wurin Labbo a injin niƙa, shi koya maka aiki, in an kwana biyu mu gani. In jirgin ya zo kuwa, Labbo, kai za ka haɗa min shi."

"Ba komi, Alhaji," in ji Kawu cikin tawali'u. "Inji duk inji ne."

Lawwali ya taho bakin ƙofa karɓar jaka, yana tafiya kamar wanda aka zare wa laka. Ya tsuguna kusa da ƙanwarsa yana tura rimot ciki, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya dube ta ba. Wannan ne karo na farko a tarihin gidansu da aka karya doka, kuma an karya ta a makare.

"Ummu, ban gane ba. Wallahi na gyara shi. A tasha, da kika tafi ɗauko batir, Kawu ya shiga bayi ya ba ni riƙo. Har takarda na sa, ta fito daidai yadda kike yi. Na taɓa na ji da yatsana. To ta ina ratar nan ta fito?"

Ummulkhairi ta gyara hijabinta.

"Ikon Allah," ta ce.

"Daga tasha yana cinyar Kawu. Daga cinyar Kawu sai zaure. Daga zaure..." Ya tsaya yana ƙirga da yatsu.

"Lawwali!" Kawu ya ƙwala daga tsakiyar fili. "Taho ka ga inda ya kamata a danna, tun yau za mu hwara karatu!"

Lawwali ya miƙe ya tafi, yatsa ɗaya har yanzu a tanƙware. A bayanta Hajiya Tambaya tana rantse wa mata cewa ita dai ta riƙe amana, ko ƙiftawa ba ta yi ba, abin yana lulluɓe a jikin yarinyar nan mai ciwon ciki tun daga kiran salla har sallamewa. Matan suka fara waige-waige suna tambayar wace yarinya.

Ummulkhairi ta ajiye jakar a hankali a jikin bango. Ta ja da baya taku ɗaya, ta ba wata mai goyo hanya, ta ba wata mai tulu hanya, ta bi ta bayan rumbu inda aka ɗaure tumaki, ta sulale ta ƙaramar ƙofa tun kowa bai juyo ba.